A Dakata Da Goge Tsohuwar Kwamfutar

Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai riƙe da ofishin Baffana a nan Garwa. Sana'arsa jigilar kaya ce, a ɗauko daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare a kai Kusri, wani lokaci har Njamena. Ni na dame shi da cewa kwamfutar ofis ta tsufa, har ya fid da kuɗi muka sayo wata 'yar gwanjo mai Windows 11. Yau kwana tara ke nan ban ga daidai ba. Imel ɗinmu na Yahoo ya ƙi buɗewa a Outlook, kullum sai ya ce kalmar sirri ba daidai ba ce, ga ta kuwa a rubuce a bayan littafin rasit. A wayar Baffa saƙo yana shigowa, amma wasiƙun bara da na bara waccan babu su. Firinta kuma sabuwar kwamfutar ba ta ganin ta. Abin mamaki ma, tun da na kashe tsohuwar na ajiye, ɗayan akawun ya daina iya bugawa daga laftof ɗinsa. Yaron da ya haɗa mana komai tun farko ya koma Duwala, lambarsa ba ta shiga. Baffa ya ce mai shago ya cuce mu, a kai masa ya canja wata. Tsohuwar kuma ya yi wa ɗansa alkawarinta, ran Juma'a za a kai a goge. Kunya ta ishe ni, tun da ni na kawo maganar. Me zan yi?

Mai riƙon ofis, Garwa

Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin ki gama karanta amsar nan, ki je wurin Baffa ki roƙe shi a ɗaga maganar Juma'a. Duk sauran abin da zan faɗa zai iya jira mako guda, amma wannan ba ya jira. Ina kyautata zaton wasiƙun da kike nema suna kwance a cikin tsohuwar kwamfutar nan ita kaɗai, kuma idan aka goge ta da wuya wani mai gyara ya iya dawo muku da su.

Daga abin da kika rubuta ban ga alamar cuta daga mai shago ba. Ki ɗauka Baffa ya sayi sabuwar mota ya ɗora mata sabon direba. Mota lafiya lau take, amma tsohon direban ne ya san kowane shinge tsakanin Ngaundare da Kusri, ya san wanda ake gaisarwa da takardar da ake nunawa. Haka tsohuwar kwamfutarku take. Shekara da shekaru tana riƙe muku kalmar sirri, tana tara wasiƙu, tana kai wa firinta saƙo, ba wanda ya lura saboda ba ta taɓa fashi ba. Ko sau goma aka canja muku wata a shago, sabuwa za ta zo ne ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Bari mu fara da wasiƙu, domin nan ne asara za ta iya aukuwa. Hanya biyu Outlook yake karɓar imel. Ta farko sunanta POP: kamar masinja ne da yake zuwa akwatin gidan waya ya kwashe wasiƙu ya kawo ofis. Ta biyu IMAP: wasiƙu suna nan a gidan waya, duk na'urar da ta zo sai dai ta leƙa ta karanta. Masu haɗa ofisoshi shekaru goma da suka wuce da POP suka fi yi, kuma Outlook na 2010 zuwa sama, idan ba a taɓa saitinsa ba, yakan bar kwafi a can na kwana 14 kawai, sannan ya sa a goge. Shi ya sa wayar Baffa take ganin na kwanan nan, na bara kuwa babu. Masinja ya riga ya kwashe.

Ki kunna tsohuwar, ki buɗe Outlook. Zan ba ki sunayen wurare da Faransanci, tun da shi kwamfutocinmu na nan suka fi ji. Ki shiga Fichier, sannan Paramètres du compte. A gaban adireshinku za ki ga an rubuta POP/SMTP ko IMAP/SMTP. Idan POP ne, magana ta tabbata. Ki danna shafin Fichiers de données, ki zaɓi Ouvrir l'emplacement du fichier. Zai kai ki inda wani fayil yake mai ƙarewa da .pst, yawanci cikin Documents, a jakar Fichiers Outlook. Wannan fayil shi ne rumbun ofishinku: wasiƙun da suka shigo, kwafin waɗanda kuka aika, adireshin abokan hulɗa, duk suna ciki. Ki rufe Outlook gaba ɗaya tukuna, domin ba a kwafar fayil ɗin yana buɗe, sannan ki kwafe shi a filashi. Idan kin ga .pst fiye da ɗaya, ki kwashe duka. Ki duba girmansa kuma: filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, don haka idan ya ƙi shiga, ba lalacewa ya yi ba, filashi mai exFAT ko NTFS ake nema. Ni da ni ne, kwafi biyu zan yi, ɗaya ya kwana a gida.

A sabuwar kwamfuta akwai wani tarko. Windows 11 yana zuwa da wani Outlook sabon yayi, wanda ya maye gurbin manhajar Courrier da aka daina kula da ita a ƙarshen 2024. Suna ɗaya ne da wanda kika saba da shi, amma hali ya bambanta. Wanda ya san .pst ciki da waje shi ne tsohon, mai zuwa tare da Office, wanda yanzu ake rubuta masa classique a gaban suna. A cikinsa ki shiga Fichier, Ouvrir et exporter, Ouvrir le fichier de données Outlook, ki nuna masa fayil ɗin bayan kin sauke shi daga filashi zuwa Documents. Wasiƙun bara za su jeru a gefen hagu kamar ba su taɓa tafiya ba.

Yanzu kalmar sirri. Kafin ki zargi littafin rasit, ki zargi madannai. Kayan gwanjon da suke shigo mana wasu daga Faransa da Beljiyam suke, madannansu AZERTY, wasu kuma ta Najeriya ko Dubai suke biyowa da QWERTY. Sai mai shago ya ɗora Windows da Faransanci a kan madannan Turancin Ingilishi, ko akasin haka. Ki danna A ya fito Q, ki danna Z ya fito W, M ya sauya wuri, lambobin layin sama kuma a AZERTY sai an haɗa da Maj, wato maɓallin manyan baƙaƙe, suke fita, in ba haka ba alamomi ne za su fito. A gurbin kalmar sirri ɗigo-ɗigo kawai ake gani, mutum ba ya sanin shirmen da yake rubutawa. Ki buɗe Bloc-notes ki rubuta kalmar ki gani da idonki. Idan ta fito a karkace, ki danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara, zai sauya miki tsarin madannan. Na sha ganin mutane sun kwana uku suna tsine wa intanet a kan wannan.

Ki kalli agogon kwamfutar ma. A 'yan gwanjo ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yakan mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Kwamfutar da take zaton muna wata shekara daban ba ta yarda da takardar shaidar tsaro ta masu imel, sai ta ƙi shiga. A gyara kwanan wata, a sa yankin lokaci na UTC+1, a canja batirin, kuɗinsa bai kai na cefanen yini ba.

Idan madannai da agogo sun fita daga zargi, kada ki ci gaba da gwaji a Outlook, domin yawan kuskure yana sa a rufe akwatin imel ɗin na ɗan lokaci. Ki buɗe burauza ki shiga shafin Yahoo kai tsaye da kalmar. Ɗaya cikin abu biyu ne zai faru.

Ko dai ta buɗe. To kalmar daidai ce, Outlook ɗin ne ba a yarda da shi ba. Manyan masu imel sun daina barin tsofaffin manhajoji su shiga da kalmar sirri zalla. Google ya rufe wannan ƙofa ga masu Gmail a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft ya rufe tasa ga masu Outlook.com a Satumban 2024, Yahoo ma haka yake. Sabon Office yakan buɗe miki tagar Yahoo ki shiga ta can. Amma masu shagunanmu tsohon Office suka fi ɗorawa, shi kuwa sai an yi masa kalma ta musamman. A shafin tsaron akwatin, Sécurité du compte, za ki ga inda ake ƙirƙirar mot de passe d'application. Zai ba ki wasu haruffa, su za ki sa a Outlook a madadin ta littafin rasit. Wannan karon ki zaɓi IMAP: mai shigowa imap.mail.yahoo.com a ƙofa ta 993, mai fita smtp.mail.yahoo.com a ƙofa ta 465 ko 587, sunan shiga kuma cikakken adireshin, ko da da yahoo.fr ya ƙare. Daga ranar, abin da ya shigo wayar Baffa shi ne a kwamfutarki, babu sauran masinja mai kwashewa.

Ko kuma ta ƙi buɗewa a burauzar ma. Wato wani ya taɓa canja ta bai gyara littafi ba, kuma ina jin kin san wanda nake zato. A nan ma tsohuwar kwamfuta za ta iya ceton ku: idan an taɓa shiga Yahoo ta Chrome aka ce ya adana, kalmar tana cikin Gestionnaire de mots de passe, za ta bayyana da zarar kin sa kalmar buɗe Windows. Idan babu, wayar Baffa ce ƙofar da ta rage. Ki gaya masa kada ya fita daga manhajar imel ɗin, kada ya ba yara su yi masa sharar waya, kada ya canja wayar. Ta cikinta ki duba lambar da aka ajiye don farfaɗo da akwatin. Idan ta yaron Duwala ce, ko wani layi da ya mutu tun tuni, ki sa ta Baffa da taki kafin ki taɓa kalmar sirri. Wannan ya fi damuna fiye da firinta nesa ba kusa ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana iya ba wani, kuma akwatin da takardun kwastan da lissafin abokan ciniki suke shiga bai kamata makullinsa ya kasance a aljihun wanda ba ku sani ba.

Sai firinta, ko amfirimant yadda muke cewa a nan. Ke da kanki kika kawo amsar a wasiƙarki, da kika ce ɗayan akawun ya daina bugawa ranar da kika kashe tsohuwar. Firintar da take kan netwok da ƙafarta ba ruwanta da mutuwar wata kwamfuta. Taku, ga dukkan alama, a jikin tsohuwar take rataye da igiyar USB, ita kuma take raba ta ga sauran. Kun ɗauka kowa da hanyarsa, ashe duk ta zaure ɗaya kuke bi. Ki duba sunan firintar a laftof ɗin akawun. Idan kin ga sunanta, sannan kalmar sur, sannan sunan tsohuwar kwamfuta, shi ke nan.

Ki juya firintar ki kalli bayanta. Rami mai kusan murabba'i na USB ne. Rami mai faɗi wanda igiyarsa take da ɗan harshen roba mai ƙara ƙwas idan an cusa, na netwok ne. Wasu kuma suna da alamar Wi-Fi a gaba.

Idan USB kaɗai gare ta, aikin kaɗan ne. Ki jona ta a sabuwar kwamfuta, ki sauko da direbanta, wato pilote, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, da lambar samfurin da take rubuce a gabanta. Kada ki wahalar da kanki da faifan da ya zo cikin kwali: Windows 11 mai bit 64 ne kawai, direban bit 32 ba ya hawa kansa. Shafukan nan kuma masu cewa za su sabunta miki duk direbobi kyauta, ki yi nesa da su, tarkace suke cusawa. Idan ta buga, ki shiga Propriétés de l'imprimante, shafin Partage, ki raba ta, a cire tsohon sunan daga laftof a sa sabo. Sai dai ki sani kin koma gidan jiya: ranar da kwamfutarki take kashe, babu mai bugawa.

Idan tana da ramin netwok, to ki 'yantar da ita. Ki sayi igiya ki haɗa ta kai tsaye da akwatin intanet ɗinku, ki sa ta buga takardar saitinta daga maɓallanta. A takardar za ki ga adireshin IP, lambobi kashi huɗu kamar 192.168.1.20, ko 192.168.8.100 idan akwatin irin na Huawei ne mai cin layin waya. Idan kin ga ya fara da 169.254, firintar ba ta sami adireshi daga akwati ba, ta laƙa wa kanta ne, sai a duba igiya. A kwamfutarki ki buɗe Invite de commandes ki rubuta ipconfig. Kashi uku na farkon adireshinki dole su yi daidai da na firinta. Na nanata wannan ne saboda wata ɗabi'a tamu: idan akwatin ofis ya yi nauyi, sai a jona kwamfuta da intanet ɗin waya a manta. Windows kuwa yana riƙe wanda ya saba, kullum can zai koma. Kwamfuta tana unguwa ɗaya, firinta tana wata, yaya za su ga juna? Idan ta Wi-Fi za ki haɗa, yawancin firintoci 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin 5 GHz. Kuma a saitin netwok ki mai da shi Privé, domin Windows 11 yana ɗaukar kowane sabon netwok a matsayin Public, ya ɓoye kansa kamar yana tashar mota.

Ki rubuta adireshin firintar a burauza. Idan shafinta ya buɗe, hanya ta samu. Daga nan ki shiga Paramètres, Bluetooth et appareils, Imprimantes et scanners, Ajouter un appareil. Ki ɗan jira har Ajouter manuellement ya fito, ki zaɓi ƙarawa da adireshin IP, ki rubuta lambobin da hannunki. Na fi son haka a kan wadda Windows yake tsintowa da kansa, domin waccan ta fi saurin nuna Hors connexion alhali firinta tana zaune lafiya.

Ga abin da masu gyara da yawa suke mantawa, kuma a Garwa ba abin mantawa ba ne. Adireshin nan aro ne, akwatin intanet ne yake rabawa ga duk wanda ya fara tambaya. Idan rani ya tsananta, ruwan Lagdo ya ja baya, aka shiga ɗauke wuta ana kawowa, komai tare yake tashi: wayoyi, laftof, firinta. Yau ta sami 20, gobe wayar direba ta riga ta, ita ta koma 23, kwamfutarki kuma tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar 20. Maganinsa a kafe mata adireshi. Ko a shafin akwatin intanet a ware mata lamba ta dindindin, ko a shafin firintar a sauya daga DHCP, wato rabon da akwatin yake yi da kansa, zuwa na hannu, a ba ta lambar da take wajen jerin da akwatin yake rabawa. Ki rubuta lambar a takarda ki manna a jikinta da salatif. Tun da maganar wuta ta zo: akwatin intanet da kwamfuta su hau ondiler, wato batirin da yake riƙe su idan an ɗauke wuta, amma firinta mai leza kada ta hau. Lokacin da take ɗumama kanta tana jan wutar da ƙaramin ondiler ba ya ɗauka.

Kwana taran nan kin danna bugawa ba adadi, to duk suna nan a layi. Ki buɗe layin jiran firintar ki soke su kafin ta farka, in ba haka ba za ta cinye miki rabin rim a kan takarda ɗaya. Idan kuma kuna sikanin daga firintar zuwa imel, ita ma tana riƙe da tsohuwar kalmar sirri a cikinta, sai an ba ta sabuwa.

Maganar kunya kuma, Malama, ban ga laifinki a shawarar da kika bayar ba. Idan Windows 10 ne a kan tsohuwar, Microsoft ya daina ba shi kulawar da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025, ofishin da kuɗin mutane suke ratsawa kuwa bai dace ya zauna a kan abin da aka daina toshe wa ɓaraka ba. Kuskuren ɗaya ne, an kashe tsohuwa kafin a tambaye ta abin da take riƙe da shi, kuma wanda ya kamata ya rubuta muku wannan tun farko ya tafi da shi a kansa. Kada ki je wa Baffa da POP da IMAP, ba zai saurara ba. Ki ce masa: Baffa, takardun shekarunmu suna cikin tsohuwar, a ba ni wata ɗaya in kwashe, sannan a ba yaro. Ɗan kasuwa ne, ba zai ba da sito aro da kaya a ciki ba. Zuwa wurin mai shago ma a dakata, kada a ɓata da mutum a kan abin da ba nasa ba, sai dai idan batirin agogon ne ya mutu, wannan kam a kai masa ya canja.

A watan nan ki bar tsohuwar a ƙarƙashin tebur. Abubuwa za su riƙa faɗo miki ɗaya bayan ɗaya: samfurin rasit, hoton hatimi, sa hannun ƙasan imel, jadawalin kuɗin direbobi. Amma da zarar kin kwafe .pst, kada ki sake buɗe Outlook ɗinta tana kan intanet, domin masinja zai koma bakin aikinsa na kwasa. Idan wata ya cika ba ki ƙara neman komai a cikinta ba, ke za ki goge ta da hannunki, ta Réinitialiser ce PC, ki zaɓi Supprimer tout tare da tsabtace faifai. Kada a kai ta kasuwa da lissafin Baffa a cikinta. Sannan ki sami littafi daban, ba na rasit da kowa yake ɗagawa ba, ki rubuta adireshin imel, kalmar sirri, lambar farfaɗowa, kalmar akwatin intanet da adireshin firinta, Baffa ya kulle a inda yake ajiye takardun motoci.

Idan kin juya firintar kin rasa gane ramukan, ki aiko mini da sunanta da lambar samfurinta, da abin da kika gani rubuce a gaban adireshinku a Paramètres du compte. A gaida Baffa.